Zoben Tumbi Don Rage Ƙiba: Ina Ake Kwana Bayan Shekara 10?

Cikin masu fita neman magani daga Sakkwato zuwa Masar, Indiya ko Turkiyya, akwai waɗanda ƙiba ce ke kai su. Ba ƙibar jin daɗi da ake yi wa barka ba, ƙibar da ta zama ciwo: gwiwa ta kasa ɗaukar jiki, salla sai a kan kujera, suga da hawan jini sun shigo, barcin dare kuma minshari ne da sarƙewar numfashi. Ɗaya daga cikin ayyukan da ake yi wa irin waɗannan bayin Allah shi ne ɗaura zobe a saman tumbi. Masu tallar asibitoci hoton wata 6 ko na shekara 1 bayan aiki suke nunawa. Ni abin da ya dame ni shi ne shekara ta 5, ta 10 da ta 15, lokacin da mutum ya daɗe da dawowa gida, likitan da ya yi masa aiki kuma yana can wata ƙasa. Tambayoyin da ke ƙasa a kan wannan suka fi karkata.

Wai mene ne zoben nan, kuma yaya yake hana mutum ci?

Zobe ne na roba mai laushi da ake kira silikon, ana zagaye saman tumbi da shi, ƙasa kaɗan da inda maƙoshi ya haɗu da tumbin. Sai a bar ɗan wuri a samansa wanda bai wuce cin cokali 2 na abinci ba. Ba a yanka tumbi, ba a taɓa hanji. Ba a kuma tsaga ciki gaba ɗaya, ƙananan huji ake yi a shigar da kyamara da kayan aiki.

A jikin zoben ta ciki akwai balan-balan, an haɗa ta da siririn tiyo zuwa wani ɗan maɓalli da ake binnewa ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan maɓalli likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri irin na asibiti don zoben ya matse, ko ya zuƙe don ya saki. Idan loma ta ratsa ta wurin da aka matse, jijiyoyin bangon tumbi kan aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi, shi ya sa ɗan abinci ke isar mutum. Wani likita ɗan asalin Habasha, Mitiku Belachew, yana cikin waɗanda suka fara saka irin wannan zobe ta ƙananan huji, a Beljiyam cikin 1993. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001.

Nauyina kilo 120. In aka yi mini, nawa zan rage, kuma zai ɗore?

Hajiya, a nan ne ya kamata a buɗe kunne, domin likitoci suna da lissafi iri 2, kuma ana yawan ruɗa majinyata da su. Akwai lissafin kason da aka rage daga dukan nauyin jiki. Akwai kuma lissafin kason da aka rage daga rarar nauyi kaɗai, wato abin da ya hau kan nauyin da ya dace da tsayin mutum. Na biyun ya fi daɗin ji, shi ya sa aka fi tallata shi.

Mu ɗauka tsayinki mita 1.65 ne. Nauyin da ya dace da ke bai kamata ya wuce kilo 68 ba, ke nan rararki kilo 52 ce. In aka ce miki za ki rage rabi, ba kilo 60 ake nufi ba, 26 ake nufi.

To me aka gani a wurin waɗanda suka daɗe da zoben? Sakamako mafi kyau daga birnin Melbon na Ostareliya ya fito. Farfesa Paul O'Brien da abokan aikinsa sun wallafa rahoto a 2013 kan mutum 3,227 da suka yi wa aiki tsakanin 1994 da 2011. Cikinsu 714 sun cika shekara 10 ko fiye ana bibiyarsu, kuma a matsakaici sun riƙe ragin kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu. A lissafinki wannan wajen kilo 24 ne, wato ki zauna a kan 96.

Sauran manyan bincike ba su kai haka ba. A Suwidin, inda aka fara bin dubban masu ƙiba tun 1987, masu zobe sun sauke kusan kashi 20 na dukan nauyinsu a shekara 1 zuwa 2 na farko, amma da aka kai shekara 10 ragin ya koma kashi 14. Wani bincike na asibitocin Amurka ya samu kusan kashi 15 a shekara ta 7. A jikinki wannan kilo 17 ne zuwa 18.

Saboda haka amsar da zan ba ki tsakani da Allah ita ce: ki sa ran tsayawa tsakanin kilo 96 da 103 bayan shekaru masu yawa. Wasu sun fi haka nesa ba kusa ba, wasu kuma kusan duk abin da suka rage ya dawo. Kilo 18 ba abin rainawa ba ne, gwiwa da numfashi za su shaida. Amma wadda ta sayar da fili ko gwal da zaton za ta koma jikinta na budurci, za ta yi baƙin ciki, kuma gara ta san haka tun kuɗinta na hannunta.

Me ya kawo wannan bambanci tsakanin Ostareliya da sauran wurare?

Babban dalili shi ne bibiya. Mutanen Melbon sun gina tsarinsu a kan majinyaci ya riƙa dawowa asibiti a kai a kai, ana auna shi, ana tambayarsa yadda yake ci, ana ƙara ruwan zoben ko a rage. A shekarar farko ana iya ganin mutum kowane mako 4 zuwa 6, daga baya a tsawaita, amma ba a sallamarsa har ƙarshen rayuwa. Zoben nan linzami ne, amfaninsa na ga hannun da ke riƙe da shi. In ya yi sako-sako yunwa ta dawo. In ya matse da yawa mutum ya kasa haɗiye tuwo da nama, sai ya koma wa kunu, shayi da lemo, waɗanda ke wucewa salin-alin, ga amai, ga ƙiba ba ta tafi ba. Tsakanin waɗannan biyu ake nema, kuma ba a samunsa a zama ɗaya.

To mu da ke Sakkwato, wa zai riƙa daidaita mana shi?

A ganina wannan ta fi duk tambayoyin da ke shafin nan nauyi, kuma ita ce aka fi mantawa da ita ana cikin hidimar biza da tikiti. Ayyukan rage ƙiba a Najeriya sun fi taruwa a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja. Wanda aka yi wa aiki a Alƙahira ko Istanbul ba zai iya komawa duk bayan mako 6 ba, ko Abuja ma ba nan kusa ba ce ga mai fama da amai da tsakar dare.

Don haka kafin a biya ko sisi, Alhaji, a je a zauna da likitan tiyata a nan gida, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko a Asibitin Ƙwararru, a tambaye shi kai tsaye: in na dawo da wannan zobe, wa zai ƙara masa ruwa ko ya rage, kuma akwai allurar da ake yi da ita? Allurar ta musamman ce, an ƙera bakinta yadda ba za ta ɓantare robar maɓallin ba. Allurar kemis ta yau da kullum tana lalata shi ya fara yoyo. Ga mai kitsen ciki sosai, wani lokaci sai da na'urar hoto ake gano inda maɓallin yake.

In aka samu amsa gamsasshiya, to madalla. In ba a samu ba, shawarata ita ce kada a saka zoben. Kuma duk wanda ya riga ya saka, ya adana takardar da ke ɗauke da sunan samfurin zoben, yawan ruwan da yake ɗauka, da adadin da ke ciki a yanzu. Ya ɗauki hotonta a waya, ya ba wani na kusa da shi kwafi.

An ce in ba ka so ana iya cire shi. Gaskiya ne?

Gaskiya ne, ana cirewa, kuma tumbi ya koma kusan yadda yake. Sai dai cirewar ma tiyata ce da kuɗinta, kuma yawancin waɗanda aka cire wa ba tare da an yi musu wani aikin ba, ƙibar kan dawo.

Zai zauna lafiya a cikina har tsufa, ko sai an sake aiki?

A ranar aiki, zobe na cikin mafi sauƙin haɗari a duk ayyukan rage ƙiba. Cikin mutum 3,227 na Melbon babu wanda ya rasu ta dalilin tiyatar. Matsalarsa a hankali take zuwa. A wannan rahoto dai, kusan 1 cikin 4 sai da aka sake yi masa aiki saboda ɗan wurin da ke saman zoben ya buɗe ko zoben ya goce, kusan 1 cikin 5 ya samu matsalar maɓalli ko tiyo, kashi 3.4 zoben ya ci bangon tumbi ya shige ciki, kashi 5.6 kuma an cire musu gaba ɗaya. Wannan fa a wurin da suka fi kowa ƙwarewa ke nan.

A Burasels ta Beljiyam, Jacques Himpens da abokan aikinsa sun wallafa a 2011 abin da ya samu waɗanda aka yi wa aiki tsakanin 1994 da 1997. Cikin 82 da aka samu bayan shekara 12 ko fiye, kusan rabi an cire musu zoben, kashi 28 kuma zoben ya ci bangon tumbinsu. Adalci ne a faɗa cewa zobban wancan zamani da salon ɗaura su sun bambanta da na baya-bayan nan, kuma gyaran da aka yi ya rage gocewa. Duk da haka, mai shirin sakawa ya sa a lissafinsa, na kuɗi da na zuciya, cewa akwai yiwuwar ya sake kwanciya a ɗakin tiyata.

Me zan riƙa ci? Zan rabu da tuwo ke nan?

A'a. Makonnin farko ruwa-ruwa ne, sannan mai laushi, wajen mako na 6 a koma abinci sosai. Abin da zai canza shi ne yadda ake ci: ƙaramar loma, a tauna har ta narke, a haɗiye, a jira kamar minti 1 kafin ta gaba, a tashi bayan minti 20 ko da saura. Wannan na da wuya a gidajenmu inda ake haɗa hannu a kwano ɗaya, kowa na sauri. Gara a zuba wa mai zobe nasa daban a ƙaramin faranti, a kuma yi wa mutanen gida bayani don kada a ɗauka ƙyama ce ko girman kai.

Abubuwan da suka fi maƙalewa su ne kilishi, tsire ko balangu da ya bushe, nama mai jijiya, sabon burodi, shinkafar da ta caɓe, da mangwaro mai zare. Kifi, ƙwai, wake, alale, dafaffen naman da ya yi laushi, miyar kuka ko kuɓewa, da zogalen da aka dafa aka tauna da kyau, duk suna tafiya daidai.

Babban abin tsoro a Sakkwato kuwa fura ce. Zobe ba ya tare abin sha. Fura da nono da aka zuba wa sukari, kunun zaƙi, zoɓo, lemon kwalba, shayi mai kauri da madara, duka wucewa suke yi ba tare da an ji ƙoshi ba. Mutum na iya rantsuwa cewa loma 5 yake ci a wuni, kuma gaskiya ya faɗa, amma ƙwaryar furar rana ta mayar da duk abin da zoben ya hana. Ban ce a bar ta har abada ba, na san matsayinta a garin nan. A mayar da ita ƙaramin kofi, ba sukari, kuma a lissafa ta a matsayin abinci, ba abin kashe ƙishi ba.

Yaya batun zafin bazara da azumi?

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, mai zobe kuma ba ya iya kwankwaɗar ruwa da yawa a tashi ɗaya. Sai dai kurɓi kaɗan-kaɗan wuni zubur, gora na kusa da shi. Fitsari ya yi ja ko jiri ya fara, ruwa ya yi ƙaranci ke nan.

Wanda bai daɗe da aiki ba, ko yake yawan amai, ko yake shan maganin suga, kada ya ɗauki azumi sai da izinin likitansa. Allah Ya yi wa marar lafiya rangwame ya rama daga baya. Wanda jikinsa ya daidaita kuwa da yawa suna azumtar watan lafiya lau. Wurin da ake samun matsala shi ne buɗe baki: yunwa ta sa a haɗiye dabino da ƙosai ba a tauna ba, su tsaya a ƙirji. A fara da ruwa mai ɗumi, a je a yi magariba, sannan a ci a natse. Mutane da yawa sun fi jin matsin zoben da sassafe, don haka sahur ya kasance mai laushi. Yana da kyau a ga likita kafin watan ya kama, ko zai ga dacewar sassauta zoben kaɗan.

Zai warkar mini da ciwon suga?

Yana iya kwantar da shi, musamman in bai daɗe ba. A wani gwaji da John Dixon ya jagoranta a Ostareliya, aka wallafa a 2008, an raba mutum 60 da ba su wuce shekara 2 da gano sugansu ba. Bayan shekara 2, kashi 73 na masu zobe sugansu ya daidaita ba magani, a ɓangaren waɗanda ba a saka wa zobe ba kuwa kashi 13 ne. Amma ragin nauyin ne ya yi aikin, in nauyi ya dawo suga na iya biyo shi. Kada a ajiye magani sai likita ya ce, kada kuma a daina gwaji.

Waɗanne alamu ne in na gani ba zan jira gari ya waye ba?

In ruwa ya ƙi wucewa, ko yawu ma ya gagara haɗiyewa. In amai ya ƙi tsayawa, ko aka ga jini a ciki, ko bayan gida ya yi baƙi. In ciwon ciki ko na ƙirji ya tsananta, ko zazzaɓi ya zo tare da ja, kumburi ko ruwa a wurin maɓalli. Waɗannan na sashen gaggawa ne nan take, kuma kalmar farko da za a faɗa wa likita ita ce akwai zobe a tumbi. Zoben da ya goce na iya shaƙe wani sashe na tumbin har jini ya daina isa gare shi, kuma matakin farko shi ne a zuƙe ruwan zoben duka. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko neman maganin gyambon ciki a kemis.

Akwai kuma masu zuwa a hankali: ƙwannafi kullum, tarin dare, abinci ya dawo baki in an kwanta. Yawanci alamar zoben ya matse da yawa ce, in aka bar shi haka maƙoshi kan buɗe ya saki. Amai na makonni kuma yana ƙarar da sinadarin bitamin B1, rashinsa na taɓa jijiyoyi da ƙwaƙwalwa. Mai zobe ya kuma yi hattara da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda masu ciwon gwiwa ke sha kamar ba komai, domin suna cin bangon tumbi.

Shekara 4 da aikina, yanzu nauyi na dawowa. Laifina ne?

'Yar'uwa, kada ki fara da zargin kanki, ki fara da bincike. Ƙiba ciwo ne mai dawowa, jiki da kansa yana yaƙi don ya mayar da abin da ya rasa. Wataƙila ruwan zoben ya ragu, ko tiyo ya tsage yana yoyo, ko zoben ya shige cikin tumbi, wanda sau da yawa alamarsa kawai ita ce mutum ya ji ya daina ƙoshi da wuri. Ana ganewa ta hanyar auna ruwan da ke ciki, da hoton da ake ɗauka bayan an sha wani farin ruwa, da kyamarar da ake zurawa ta baki. In duk waɗannan lafiya suke, sai a duba abin sha da ciye-ciyen tsakanin abinci. Ki kuma faɗa wa likita duk maganin da kike sha, har da na gargajiya da na gyaran jiki, domin wasu na ɗauke da sinadaran da ke sa ƙiba.

Akwai wani abu da ba a cika faɗa ba. A wurinmu in mace ta rame, tambaya ake yi ko lafiya, ko maigida ne ba ya kula da ita. Wannan magana kaɗai ta isa ta sa wasu su koma ci don a bar su su huta. Maigida da uwa da 'yan'uwa su san abin da ake ciki tun farko, su zama masu kare ta daga irin waɗannan maganganu.

Zan iya haihuwa da zoben a jikina?

Ƙwarai. Raguwar nauyi ma kan daidaita al'ada, wadda ta daɗe tana nema ta samu rabo. Ana dai son a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan aiki. In ciki ya samu, a sanar da masu awo, domin ana iya sassauta zoben in laulayi ya yi tsanani.

Addini ya yarda a yi irin wannan aiki?

Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta rage nauyi ta hanyoyin likitanci, har da tiyata, in ƙibar ta zama cuta, babu wata hanya, kuma an amince ba za a cutu ba. Wannan ya yi daidai da ƙa'idar likitoci: aikin na mai ƙiba ce mai tsanani, ba na mai son gyaran sura ba. Ana auna tsananin da lissafin BMI, wato a raba nauyi da tsayi sau tsayi. Tsohuwar ƙa'ida ta 1991 ta ce 40, ko 35 in akwai ciwo irin suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni sun sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai ciwo irin suga. Mai kilo 120 da tsayin mita 1.65 tana kan 44.

In kai ne, zoben za ka zaɓa ko wani aikin?

Duniya ta juya wa zoben baya sosai. A Amurka, a 2011 ya kai kusan kashi 35 na ayyukan rage ƙiba, kafin 2020 ya faɗo zuwa kusan kashi 1. Abin da ya maye gurbinsa shi ne aikin silib, inda ake yanke kusan kashi 80 na tumbi, da aikin baifas, inda ake yin ƙaramin tumbi a haɗa shi da hanji kai tsaye. A wani gwaji na asibitocin Ingila da aka wallafa a 2025, kan mutum sama da 1,300, waɗanda suka rage rabin rarar nauyinsu a shekara 3 sun kai kashi 68 a baifas, 41 a silib, 25 kacal a zobe. Su ma waɗannan ayyuka da nasu nauyin: ba a mayar da tumbin da aka yanke, haɗarin ranar aiki ya ɗan fi na zobe, kuma shan bitamin da gwajin jini na har abada ne. Akwai kuma alluran mako-mako irin su semaglutide, waɗanda a gwaji suka rage kusan kashi 15 na nauyi cikin mako 68, sai dai suna da tsada, suna son firij, kuma in an daina yawancin nauyin kan dawo.

Ga mazaunin Sakkwato da ba shi da tabbacin mai daidaita masa zobe kusa da gida, ba zan ba shi shawarar zobe ba. Ya tattauna silib ko baifas da likitan tiyatar da zai ci gaba da ganinsa bayan ya dawo. Wanda kuma yake da zoben yanzu, yana cin abincinsa ba amai, ba ƙwannafi, nauyinsa na tsaye, babu dalilin cire shi don kawai an daina yayinsa. Ya riƙa zuwa ana duba shi aƙalla sau 1 a shekara, tare da gwajin jini, ko da yana jin garau.